Ɓera a akwati, ma'aikaci a ofis: Mazhabar da ta so ta kori zuciya daga ilimin ɗan Adam

A farkon shekarar 1920, wata mujallar masana a Amurka ta buga rahoton gwajin da aka yi a asibitin Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore. Wanda aka yi gwajin a kansa jariri ne da bai cika shekara ɗaya ba, aka laƙaba masa suna Albert. Da farko an ajiye masa farin ɓera, ya kai hannu zai taɓa, babu alamar tsoro a tare da shi. Daga baya, duk sa'ad da ya miƙa hannu, sai a maka guduma a kan sandar ƙarfe a bayan ƙeyarsa. Bayan an haɗa ɓeran da wannan ƙara sau bakwai, ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa yaron ya fashe da kuka, ya rarrafa ya guje. Rahoton ya ce tsoron ya yaɗu zuwa zomo da kare da rigar gashi. An fita da yaron daga asibitin ba tare da an cire masa tsoron da aka dasa masa ba.

John B. Watson da ɗalibarsa Rosalie Rayner ne suka yi wannan gwaji. Masanan da suka biyo baya sun nuna rauninsa, domin yaro ɗaya tak ba ya zama hujja a kan 'yan Adam, kuma a yau babu jami'ar da za ta yarda a yi wa jariri haka. Duk da haka, gwajin ya zama tutar wata mazhaba da ta mamaye ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka kusan shekara 50. Za mu kira ta mazhabar ɗabi'ar zahiri, domin iƙirarinta shi ne: abin da ido ke gani mutum yana aikatawa shi kaɗai ne ya cancanci nazari. Tunani, niyya, lamiri da ruhi kuwa, a bar su a ƙofar ɗakin bincike.

Mazhabar ta rasa sarautarta a jami'o'i tun da daɗewa, amma tunaninta bai mutu ba. Yana nan a na'urar dangwala yatsa da ke ƙofar ma'aikata, da fom ɗin auna ƙwazo, da wayar da ke aljihun kowa. Saboda haka tambayar da aka yi mata shekaru da dama da suka wuce ta shafi duk wanda ke jagorantar mutane ko ake jagoranta: shin lada da horo sun isa su bayyana ɗan Adam?

Daga yawun kare zuwa kasuwar talla

Tushen abin yana Rasha. Ivan Pavlov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura cewa karnukansa kan fara dalalar da yawu tun kafin abinci ya iso, da zarar sun ji motsin mai kawo shi. Ya gwada haɗa abinci da wani sauti, har sautin kaɗai ya riƙa jawo yawun. A Amurka kuma, Edward Thorndike ya riƙa kulle kyanwoyi a akwati a 1898, yana ƙidaya lokacin da suke ɗauka kafin su gano sakatar fita. Ya kammala da cewa aikin da ya haifar da daɗi yakan maimaitu, wanda ya haifar da wuya yakan ragu.

A 1913 Watson ya tattara waɗannan ya mayar da su aƙida. A wata maƙala da ta zama kamar shelar mazhabar, ya ce burin ilimin halayya shi ne hasashen ɗabi'a da sarrafa ta, kuma bai ga wata iyaka tsakanin mutum da dabba ba. Yana da uzuri a zamaninsa. Masanan da suka gabace shi sun dogara ne ga zaunar da mutum su ce ya leƙa cikin ransa ya faɗi abin da ya ji, sai ɗakin bincike na nan ya sami amsa ɗaya, na can ya sami wata, babu mai iya raba gardama. Watson ya so ilimi mai awo kamar na kimiyyar sinadarai.

Sai dai ya zarce. A littafinsa na shekarun 1920 ya yi alfaharin cewa in aka ba shi jarirai 12 masu lafiya da duniyar da zai rene su a ciki, zai iya mayar da kowannensu likita ko lauya ko ɗan kasuwa, ko ma maroƙi ko ɓarawo, ba tare da la'akari da baiwarsa ko asalinsa ba, ko da yake shi da kansa ya amsa cewa maganar ta wuce hujjojin da ke hannunsa. A 1928 ya fitar da littafin reno, inda ya shawarci iyaye da su daina rungumar 'ya'yansu da ɗora su a cinya, su riƙa gaisawa da su da musabaha da safe. Kafin nan ya bar jami'a a 1920 sakamakon wata badaƙalar aure, ya koma kamfanin tallace-tallace na J. Walter Thompson, inda ya yi amfani da iliminsa wajen haɗa kayan sayarwa da tsoro da sha'awar mai saye.

Da aka tambaye shi ina tunani yake, Watson ya ce tunani magana ce ta ƙasa-ƙasa, wato ƙananan motsin tsokar maƙogwaro da harshe. A 1947 wani likitan sa barci a jihar Utah, Scott Smith, ya yarda abokan aikinsa suka yi masa allurar kurare, dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya. Duk tsokokinsa suka sandare, har sai da aka taimaka masa da numfashi. Da dafin ya sake shi, ya ba da labarin abin da aka faɗa a kansa da tambayoyin da aka yi masa. Maƙogwaro ya tsaya cik, tunani bai tsaya ba.

Skinner da akwatinsa

Wanda ya kai mazhabar ƙololuwa shi ne B. F. Skinner na Jami'ar Harvard, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1990. Ya ƙera akwati mai ɗan maɓalli: in ɓera ya danna ko tattabara ta tsattsaga, ƙwayar abinci ta faɗo. Da wannan ya nuna yadda ake gina ɗabi'a mataki-mataki. Ya koya wa tattabaru buga ƙwallon tebur, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya horar da su su jagoranci makami mai linzami ta hanyar tsattsagar hoton abin hari, shirin da sojoji suka yi watsi da shi.

Adalci ne a faɗi cewa Skinner bai musanta cewa mutum yana ji a ransa ba. Abin da ya musanta shi ne cewa wannan ji yana haifar da aiki. A wurinsa, mutum ba ya zuwa aiki domin yana ganin amana ce a wuyansa. Tarihin lada da horon da ya sha ne ya kai shi ofis, kuma wannan tarihin ne ya haifar masa da jin amanar. A littafinsa na 1971, Beyond Freedom and Dignity, ya kai maganar ƙarshenta: 'yanci da mutunci tsofaffin ra'ayoyi ne da ke hana al'umma tsara ɗabi'ar mutane bisa kimiyya, kuma yabo da zargi ba su da tushe, tunda muhalli ne ya yi aikin. Bai taɓa janyewa ba. Kwanaki takwas kafin rasuwarsa a watan Agustan 1990, ya tsaya gaban taron ƙungiyar masana halayya ta Amurka a Boston yana sukar masu nazarin tunani.

Tun a 1956 Carl Rogers ya yi masa tambayar da har yau ba ta tsufa ba, a wata muhawara da mujallar Science ta buga: in za a sarrafa ɗabi'ar jama'a, wa zai sarrafa, da wace manufa, kuma wa zai sarrafa mai sarrafawar? Marubuci Arthur Koestler kuma ya yi shaguɓe a 1967 cewa mutanen da sun yi kuskuren jingina wa dabba halin mutum, na yanzu kuma sun gyara kuskuren ta hanyar kallon mutum da siffar ɓera.

Dabbobin da suka ƙi bin littafi

Ɓarakar farko daga ɗakin bincike ta fito. A 1930 Edward Tolman da Charles Honzik na Jami'ar California da ke Berkeley suka saki rukuni uku na ɓeraye a wani gini mai lunguna masu ruɗarwa. Rukunin farko yana samun abinci a ƙarshen hanya kullum, na biyu ba ya samu, na uku kuma bai fara samu ba sai a rana ta 11. Bisa ƙa'idar mazhabar, rukuni na uku bai koyi komai ba a kwanaki goman farko, tunda babu lada. Amma washegarin ranar da aka fara sa musu abinci, sai suka kamo rukunin farko nan take. Ashe duk yawon da suke yi suna haddace hanya ne, dalilin nuna abin da suka sani ne bai zo ba. A 1948 Tolman ya kira wannan taswirar cikin kai. A 1971 John O'Keefe ya gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da ke motsawa idan ya isa wani wuri na musamman, binciken da ya ba shi rabon kyautar Nobel a 2014.

Almajiran Skinner biyu, Keller da Marian Breland, sun buɗe sana'ar horar da dabbobi domin talla da wasanni. A 1961 suka wallafa abin da suka gani. Sun koya wa aladu ɗaukar kuɗin katako su jefa a asusu domin su sami abinci. Da fari abin ya tafi daidai, amma bayan makonni sai aladun suka koma yar da kuɗin a ƙasa suna tura shi da hanci kamar masu tonon saiwa, ko da hakan na jawo musu yunwa. Halittar da aka yi musu ta rinjayi horon. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe.

Harry Harlow kuma a 1958 ya raba jariran birai da iyayensu, ya ba su uwa biyu ta roba da ƙarfe: ɗaya ta waya ce mai kwalbar madara, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle. In da ƙauna sakamakon ciyarwa ce kawai, da sun manne wa mai madara. Sai ga shi suna zuwa su sha su koma jikin mai ƙyalle, kuma can suke gudu in sun tsorata. Gwajin yana da rashin tausayi, amma ya rushe shawarar Watson ga iyaye.

Harshe ya tona asiri

A 1957 Skinner ya fitar da Verbal Behavior, inda ya yi ƙoƙarin bayyana magana da ƙa'idar lada: yaro ya furta sauti, iyaye suka yi murna, sautin ya zauna. A 1959 wani matashin masanin harshe, Noam Chomsky, ya rubuta sharhi a kan littafin a mujallar Language, sharhin da ya fi littafin shahara.

Hujjarsa ta farko ita ce kalmomin da ke da ma'ana a akwatin ɓera sukan zama fanko idan aka fito da su. Mutum ya tsaya gaban zane a bango. Yana iya yabon mai zanen, yana iya cewa an rataye shi a karkace, yana iya tuna wata tafiya da ya taɓa yi. Duk abin da ya faɗa, sai ɗan mazhabar ya ce wani sashe na zanen ne ya zaburar da shi. To amma ba a san sashen ba sai bayan ya yi magana. Bayanin da ba ya iya hasashen komai, kuma ba abin da zai ƙaryata shi, ya fita daga kimiyyar da ake taƙama da ita.

Hujja ta biyu kowane mai jin Hausa zai gane ta. Kullum muna furta jimlolin da ba a taɓa furtawa ba, kuma ana fahimtar mu. Da kalmar kwamfuta ta shigo, babu hukumar da ta zauna ta raba tukuici kafin mutane su ce kwamfutoci, kamar yadda suka ce motoci da tashoshi. Akwai ƙa'ida a cikin kai da ke aiki a kan abin da kunne bai taɓa ji ba. Magoya bayan Skinner sun mayar da martani, musamman Kenneth MacCorquodale a 1970, suna cewa Chomsky ya jingina masa ra'ayoyin da ba nasa ba. Amma kafin nan iska ta juya. Zuwan kwamfuta ya nuna cewa ana iya magana a kan abin da ke gudana a cikin na'ura ba tare da an shiga camfi ba, kuma zuwa 1967, lokacin da Ulric Neisser ya fitar da littafinsa kan ilimin tunani, hankali ya dawo jami'a ta babbar ƙofa.

Hankali ya dawo, ina ruhi?

Akwai masu ganin gyaran bai kai ba: an daina kwatanta mutum da ɓera, an koma kwatanta shi da kwamfuta. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa daga Vienna wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya rubuta a 1946 cewa ya ga mutanen da ke cikin yunwa iri ɗaya da azaba iri ɗaya, wasu suka zama azzalumai, wasu kuma suna ba da guntun burodinsu na ƙarshe. Muhalli ɗaya ne, zaɓi ya bambanta. Ya gina hanyar jinyarsa a kan cewa babbar buƙatar mutum ita ce rayuwarsa ta kasance da ma'ana.

A duniyar Musulmi, wanda ya fi fito da wannan suka shi ne Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2021. Maganarsa tana da nauyi domin ɗan gida ne: ya koyi jinyar ɗabi'a a Landan, ya kuma yi aiki da ita. A littafinsa na 1979, The Dilemma of Muslim Psychologists, ya zargi takwarorinsa da kwafo ilimin Yamma da aƙidarsa gaba ɗaya, yana kwatanta su da masu bin wasu har cikin ramin damo, kwatancin da ya aro daga hadisi. Matsayinsa shi ne a raba dabara da aƙida. Dabarar cire wa mutum tsoro sannu a hankali tana aiki, a ɗauka. Iƙirarin cewa mutum dabba ce marar ruhi kuwa ba a gano shi a ɗakin bincike ba, falsafa ce aka shigo da ita cikin rigar kimiyya.

Nan ne gundarin maganar. Mai awo da mudu yana da gaskiya in ya ce mudunsa ba ya auna tsawon yadi. In ya ce yadi ba shi da tsawo, ya fita daga sana'arsa. Ba laifi masani ya ce ruhi ya fi ƙarfin kayan aikinsa. Alƙur'ani ma, a Suratul Isra'i, ya nuna cewa ilimin da aka ba mutum a kan ruhi kaɗan ne. Laifin shi ne mayar da gazawar ma'auni ta zama hukunci a kan abin da ake aunawa.

Badri ya kuma fassara littafin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, wanda ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke saukowa ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana. Imam al-Ghazali, a Ihya'u Ulumiddin, ya san ƙarfin maimaici sarai: ya ce mai rowa ya tilasta wa kansa kyauta har ta zame masa jiki, a kuma yaba wa yaro in ya yi abin kirki. Bambancin shi ne, a wurinsa ana horar da gaɓɓai ne domin a gyara zuciya. Hadisin da Bukhari ya buɗe littafinsa da shi a kan niyya yake, kuma a Littafi Mai Tsarki, labarin zaɓen Dauda ya koyar da cewa mutum zahiri yake dubawa, Allah kuwa zuciya.

Harshenmu ma shaida ne. A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukkansu ba a tabbatar da su sai a inda babu mai gani kuma babu mai biya. Gaskiya ne mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu ne kuma muka ƙirƙiro kalmar ganin ido, domin mun san mutum biyu na iya durƙusawa iri ɗaya, ɗaya don ladabi, ɗaya don neman shiga. Kotu ma ta san haka: dokar Penal Code ta bambanta kisan ganganci da na kuskure, ko da rauni ɗaya ne a jikin mamaci.

Abin da ba za a ƙwace mata ba

Mai suka na gaskiya ba ya hana abokin hamayya haƙƙinsa. Mazhabar ta koya wa ilimin halayya ƙidaya da awo. A 1924 Mary Cover Jones ta cire wa wani yaro tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yake cin abincin da yake so, kuma daga irin wannan ne Joseph Wolpe ya gina hanyar jinyar tsoro a 1958, wadda har yau ake amfani da ita. A Morogoro ta Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da gafiyoyi da ƙa'idar Skinner, da ɗan sauti da lomar ayaba, su shinshino nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka a majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ta sami lambar zinariya a 2020 saboda aikinta a Kambodiya. Hanyar jinyar da ta fi yaɗuwa a yau, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, ta haɗa dabarun ɗabi'a ne da gyaran tunani. Dabarun sun rayu, aƙidar ce ta faɗi.

Wani ɓangare na gadon kuma abin tsoro ne. Skinner da Charles Ferster sun nuna a 1957 cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi kowane riƙe dabba: tattabara za ta yi ta tsattsaga ba ji ba gani. A kan wannan aka gina injin caca, kuma shi ne ke sa yatsa ya yi ta jan fuskar waya ko wani sabon abu zai faɗo. A 2017 Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya amsa a bainar jama'a cewa an tsara dandalin ne da sanin wannan rauni na ɗan Adam. Wato ƙa'idar tana aiki sosai a kanmu a daidai lokacin da hankali ya yi barci.

Darasi ga mai riƙe da fayil

Masu jan ragamar ma'aikata sukan ɗauka cewa duk matsala tana da maɓalli biyu, alawus ko takardar tuhuma. Bincike ya nuna abin ya fi haka sarƙaƙiya. A 1971 Edward Deci ya ba ɗalibai wani wasan wasa ƙwaƙwalwa da suke jin daɗinsa. Ya biya wasu dala ɗaya a kan kowane da suka warware, sannan ya daina biya. Da aka bar su su kaɗai, sha'awar waɗanda aka saba biya ta ragu. Har yau masana na gardama kan iyakar wannan sakamako, amma an fi yarda cewa ladan da ake ji kamar linzami ne ke rage sha'awa, yabo na gaskiya kuwa yakan ƙara ta.

A birnin Haifa, Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun bi gidajen renon yara 10 na tsawon mako 20. A shida daga ciki aka sa tarar shekel 10 ga iyayen da suka makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. Rahoton da suka buga a 2000 ya nuna makara ta ƙaru, kuma da aka cire tarar ba ta koma yadda take ba. Da can kunyar malamar da aka tsayar ce ke sa iyaye sauri. Tara ta mayar da kunya farashi, suka biya suka huta. A Amurka kuma, bankin Wells Fargo ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da za su buɗe, da lada ga wanda ya cika da barazana ga wanda ya gaza. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185 bayan an gano an buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, kuma ma'aikata kusan 5,300 suka rasa aikinsu. An sami ɗabi'ar da aka saya, an rasa amanar da banki ke rayuwa a kanta.

Mu ma muna da namu tarihin. A watan Maris na 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Mutane suka bi layi a tashar mota saboda soja na tsaye da bulala, ma'aikatan da suka makara suka yi tsallen kwaɗo. Ba daga littafin Skinner aka ɗauko shirin ba, hasali ma shi Skinner ya daɗe yana cewa horo danne ɗabi'a kawai yake yi na ɗan lokaci. Abin da ya biyo bayan juyin mulkin Agustan 1985 ya gaskata shi a nan: da bulala ta tafi, layi ya watse a wurare da yawa.

Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fara maye gurbin tsohon fom ɗin APER da sabon tsarin auna ƙwazo, ƙarƙashin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025. Koken da aka daɗe ana yi da tsohon fom shi ne kusan kowa fitacce ne a takarda. Auna aiki da abin da aka cimma ci gaba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina ƙidaya. Sai dai na'urar ƙofa tana iya shaida cewa ma'aikaci ya baro Mararaba ko Kubwa da asuba ya dangwala yatsa ƙarfe takwas. Ba ta iya shaida ko ya karanta fayil ɗin ɗan fanshon da ke gabansa da idon rahama, ko ya tura shi ƙasan tari har sai an zo an gan shi. In aka ce za a ƙidaya fayil nawa suka bar tebur, fayiloli za su yi ta tashi daga tebur zuwa tebur ba tare da an warware ko ɗaya ba. Hadimin da aka saba saka wa don ya kawo labari mai daɗi zai daina kawo na gaskiya, kuma mai gidansa ne zai fi kowa asara.

Kada kuma a juya wannan magana ta zama hujjar tauye haƙƙi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kowa ya san inda yake tsayawa a kasuwar Abuja, kuma wa'azin kishin ƙasa ba ya biyan kuɗin haya. Frederick Herzberg ya nuna tun 1959 cewa ƙarancin albashi yana kashe gwiwa, amma cikarsa kaɗai ba ta haifar da himma. Himma tana zuwa ne daga aikin da ke da ma'ana, da amincewa, da ganin an san da kai. A biya ma'aikaci abin da zai ishe shi, sannan a yi masa mu'amalar mai hankali: a gaya masa dalilin umarni, a ba shi filin yanke shawara a iyakar aikinsa, a saurare shi in ya ce akwai kuskure.

Dokokin aikin gwamnati ma sun yarda da wannan tun asali. Kafin a hukunta ma'aikaci sai an ba shi takarda ya bayyana dalilinsa a rubuce. Ba a tambayar ɓera dalili. Ana tambayar mutum ne saboda an san akwai wani a ciki da ya auna, ya zaɓa, kuma zai iya amsa laifi ko ya kare kansa. Ranar da tsarin aiki ya manta da wannan, zai sami ma'aikatan da suka ƙware a danna maɓalli, kuma ba zai sami wanda zai ƙi sa hannu a takardar ƙarya ba a ranar da sa hannun ne ke da lada.